Ɗinkin Bakin Aljihu

Shekara shida na yi ina taka keke a shagon wani tsohon tela a Gummi, a farkon shekarun tamanin. Baba nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Mutum ne mai faɗan tsiya, in kalmasa ta karkace sai ya warware ta a gaban mai kaya. Ni ma ba kanwar lasa ba ne, kullum muna cacar baki. Amma akushi ɗaya muke ci, kuma shi ya karɓa mini aure.

Akwai abin da ya koya mini wanda ban ga wani tela yana yi ba. In an gama kaftani, sai a ajiye keke, a ɗauki allurar hannu a yi ɗinki uku a kusurwar bakin aljihu ta ciki, kamar sawun kaza, don kada aljihun ya yage. Tun ina jin haushin ɓata lokacin har hannuna ya saba.

Sai wani mai sayar da yadi a Bukkuyum ya sayi keke, ya rasa mai taka masa. Ya ce in riƙa zuwa kwana biyu a mako. Ba yunwa nake ji ba, kada in yi wa Baba sharri. Kwaɗayi ne, da son a ce ni ma tela ne mai kansa. Da na nemi izini da watakila ya yi faɗa ya bari. Maimakon haka na ce masa Inna, mahaifiyata da ke Gwashi, ƙafa ta matsa mata, sai na riƙa dubo ta.

Duk ranar tafiya sai ya aika bakin kasuwa a sayo bandar kifi, ya naɗe da kansa.

"Kai ma Inna, ka ce ina gaishe ta. Allah shi ba ta lahiya."

Wata bakwai ina karɓa. Wani lokaci kifin ya isa Gwashi, wani lokaci mu cinye da mai yadi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani baƙo da ya zo sayen shinkafa ya tsaya shagonmu a ɗaura masa maɓalli a kaftaninsa. Ina ganin kaftanin na gane ɗinkina ne. Baba ya karɓa, ya juya shi, kamar yadda yake wa kowace riga, yatsansa ya tsaya a bakin aljihu.

"Malam, wa ya ɗumka maka wanga?"

"Bukkuyum anka yi shi. Wani tela na, kwana biyu kawai shika zuwa..." Ya ɗago ya gan ni, ya washe baki. "Af, ai ga shi nan!"

Baba bai dube ni ba. Ya ɗaura maɓallin, ya sallami baƙon. Na zauna ina jiran faɗa, har na shirya amsa. Sai can ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Inna hwa, lahiyarta lau?"

Na ce lafiya lau take.

"To, madalla."

Washegari na tarar an kwance keken da nake takawa, an ɗaure shi da igiya a ƙofar shago. A wurinmu, in maigida zai sallami wanda ya koya a hannunsa, yakan tara dattijan layi, a raba goro, a yi fatiha, ya ɗora hannu a kan keken ya sa albarka. Ni ba goro, ba kowa. Ya ce keken nawa ne, na ci guminsa, in ɗauka. Na durƙusa na ce ya zage ni, ya mare ni in ya so. Ya ce ba ya faɗa da telan wani gari.

Na koma Bukkuyum da keke da mata. Aiki ya karɓe ni, ban ji daɗinsa ba.

Da Sallah ta zagayo na yi masa kaftanin shadda, na ɓata kwana huɗu a kansa, na hau mota zuwa Gummi. Na yi sallama a ƙofar gidan da a da nake shiga kai tsaye har madafa. Ya fito da kansa, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa a kwanon baƙi. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali. Na miƙa kaftanin. Duk fatana ya buɗe shi ya nemo aibi, ya ce wuyan ya karkace, ya ce ni jaki ne.

Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gefe a naɗe.

"An gode, Malam. Allah shi saka da alheri."

Ya rako ni har bakin hanya, kamar yadda ake yi wa baƙo. A cikin mota na juya fuskata wajen taga, na yi kuka.