Awa Biyun da Malam Hamissou Ya Ƙi Tsayawa

Duk ranar da jirgin teku zai zubar da ruwa a tashar Wilmington, Malam Hamissou ba ya zaman hira bayan sallar asuba. Yana sallamewa zai miƙe ya koma gidansa a McLeansville, nan gefen gari, ya zuba ƙanƙara a kula biyu, ya ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya ya duba su a hasken taga, ya naɗe wata 'yar raga mai laushi kamar mayafi, ya hau babban titin I-40 ya nufi gabas. Awa uku ne zuwa bakin teku. Mutumin Gaya ne. Ƙasarsu Nijar ko taku ɗaya na teku ba ta da shi, Greensboro ɗin da muke zaune a Amurka ma haka, amma shekara goma sha ɗaya ke nan manyan jiragen ruwa suna jiran sa hannunsa. Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki, idanu sun gaji. Ba mu yi masa walima ba. Ko shayi ba mu dafa ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni Iliyasu mai sayar da tsofaffin motoci, wanda karatunsa bai wuce aji huɗu ba, kuma ina rubutun nan raina a ɓace.

Bari in faɗi aikin yadda ya faɗa mini. Jirgi idan ya sauke kaya sai ya yi sakayau, iska da igiyar ruwa su riƙa wasa da shi. Don ya zauna daidai sai ya sha ruwan tashar da yake, tan dubu-dubu, ya cika wasu tankuna a cikinsa. Shi ake kira ruwan balas. In ya je wata ƙasa zai ɗauki kaya, sai ya amayar da shi a can. To ruwan nan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai ƙwan kifi, 'ya'yan ƙaguwa, ƙwayoyin cuta, da halittun da ido ba ya gani. In suka sauka inda babu mai cin su, sai su cinye na gida. Don haka ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya, Amurka ma tana da tata dokar mai kama da ita: kowane jirgi ya sa injin da zai tace ruwan ya kashe abin da ke ciki kafin a zubar. A ruwa kimanin duro biyar, kada a samu manya-manyan masu rai su kai goma. Malam Hamissou ne mai ƙirgawa. Wani ƙaramin ɗakin gwaji yake wa aiki a nan garin. Zai ɗebo ruwan daga bututun jirgi, ya tace a ragarsa, ya zuba a kwalba, ya sa a kula, ya dawo da gudu, don doka ta ba shi awa shida kacal kafin ya sa ruwan a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu ya ƙirga masu motsi.

Mu kuwa me muke ce masa? Mai awon fitsarin jirgi. In ya shigo majalisa sai wani ya ce, “Malam, yau jirgin ciwon suga gare shi ko hawan jini?” A yi ta dariya, shi ma ya yi. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya faru a watan Yuli, shekara uku da suka wuce. Kowa ya san labarin a garin nan, amma kowa rabinsa yake faɗa.

Ya hau wani jirgin dakon kaya, ba zan ambaci kamfanin ba. Yana haɗa tiyo a ɗakin inji, ya buge yatsa ya ce “wash!” Sai babban injiniyan jirgin ya waiwayo ya ce, “Kai, Bahaushe ne?” Adamou sunansa, ɗan Maraɗi, wata takwas rabonsa da jin Hausa sai a waya. Suka rungume juna. Da aka bi dangi sai ga shi ƙanin Hajiya Ousseina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda bai san Hajiya Ousseina ba bai san Greensboro ba. Rabin 'yan Nijar da ke garin nan a falonta suka fara kwana. Malam Hamissou kansa wata huɗu ya yi a gidanta lokacin da ya sauka da jaka ɗaya, ita ta nemo masa aikin wanke kwalabe a ɗakin gwajin nan.

Bayan gaisuwa Adamou ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya. Injin tace ruwan ya lalace wata biyu. Ya rubuta wa kamfani sau uku a aiko kayan gyara, ba a aiko ba. Suka ce ya lallaɓa. Shi kuma ya yi ta sa hannu a littafin jirgi cewa an tace. In gwaji ya faɗi, kansa za a fara nema.

Malam Hamissou ya ce, “Ku rufe famfon nan tukuna.” Ya ɗauki kwalabensa ya sauko.

Kafin Malam Hamissou ya fita daga Wilmington Adamou ya kira yayarsa. Ita kuma ta kira ni, don an san bakina yana shiga ko'ina. Dabarar da suka kawo, wallahi da na ji ta sai da ta burge ni, ni da na yi shekara talatin ina ciniki. Ba a ce ya yi ƙarya ba. Ba a ce ya canza lamba ko ya zubar da kwalba ba. Awa shida yake da su, hanya ta ci uku. Abin da ake so kawai ya biyo ta gidan Hajiya ya yi azahar, ya ci abinci, ya ɗan miƙe ƙafa awa biyu. Mota na waje a rana, inji a kashe, murfin kula a ɗan ɗage. Zafin Yuli zai yi sauran. Ya isa kan lokaci, ya duba madubi, ya ga gawawwaki, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Na same shi a waya ya wuce Raleigh.

Na ce, “Malam Hamissou, Hajiya ta ce ka biyo, ta yi dambu.”

Ya ce, “Alhaji, akwai kaya a mota.”

“Kayan ba sa sallah? Kai dai ka tsaya ka yi taka.”

“Zan yi a wurin aiki.”

“Haba Malam. Wa ya ce ka yi ƙarya? Gaisuwa ce za ka je. Matar nan uwa ce a gare ka.”

Ina jin ƙarar tayoyi ta waya. Can ya ce, “Alhaji, in na ɗage murfin nan da hannuna, na rubuta rahoton ke nan tun kafin in duba. Ka gaida mini Hajiya. Ka ce mata zan zo da kaina bayan la'asar, ta zage ni a fuskata.”

Na ce, “Ɗan'uwanka za ka tona wa asiri saboda ƙwaron da ba a gani?”

Ya ce, “Ni ina ganinsu.” Ya kashe waya.

Ya wuce mahaɗar da ke shiga unguwar Hajiya bai ko rage gudu ba. Abokin aikinsa Nicodemus, wani dattijo baƙar fata ɗan East Greensboro da ke zuwa kamun kifi bakin teku duk hutu, shi ya ba ni sauran. Ya ce mutumin ya shigo riga jiƙe da gumi, ya zauna gaban madubi, ya fara danna abin ƙirga. Da ya wuce ɗari huɗu sai ya cire tabarau ya dafe kai. Ya yi sallah, ya dawo ya ƙarasa, ya sa hannu.

Ya je gidan Hajiya bayan la'asar kamar yadda ya ce. Ba ta buɗe ƙofa ba. Ta taga ta ce, “Hamissou, katifar da ka kwana a kai tana nan. Je ka.”

An tsayar da jirgin har aka gyara injin. Kayan da aka yi wata biyu ana jira, kwana huɗu suka iso, ku ji fa! Kamfani ya sallami Adamou. Yanzu yana Kwatano yana gyaran injin ƙananan jiragen masunta, da 'ya'ya biyar. Ba zan ɓoye wannan ba, don ba ƙaramin abu ba ne, kuma Malam Hamissou bai taɓa cewa ƙarami ba ne.

Amma fushin da ya kamata mu yi da masu jirgin da suka zauna a ofis mai sanyi suka ce a lallaɓa, ina muka kai shi? Kan Malam Hamissou muka sauke. An cire shi daga guruf ɗin WhatsApp na 'yan gari. Aka yi suna huɗu a shekarar ba a gaya masa ko ɗaya ba. A masallaci mutum zai ba shi yatsu biyu yana kallon wani wuri. Wani da na san shekara goma yana sayar da motocin da ambaliya ta cinye ba ya faɗa wa mai saye, shi ne ya tashi a majalisa yana cewa Hamissou ba shi da amana. Amana! Ni kuma na gyaɗa kai.

Abin da ya juya ni, bayan wata biyar na je wurin aikinsa da niyyar in ce ya je ya durƙusa ya ba Hajiya haƙuri a wuce wurin. Bai yi musu da ni ba. Ya ɗiga ruwan wani jirgi a faranti, ya ce in sa ido. Jama'a, kasuwa na gani. Masu ƙafa, masu gashi, masu juyi kamar an kunna musu kiɗa, wata ma da ƙwai a bayanta. Na ja da baya.

Ya ce, “Babana basarke ne, masunci a kogi, da kifi ya ciyar da mu. Ina saurayi wata ciyawa mai fure ta bayyana a kogi, baƙuwa. Ba jirgi ya kawo ta ba, amma wani ne ya kawo ta, ya ce ɗan kaɗan ne. Shekara kaɗan ta rufe mashigarmu. Kwalekwale ba ya wucewa, koma ba ta shiga ruwa. Na ga tsoho yana sara da adda tun safe, washegari ta koma. Alhaji, su ma mutanen bakin tekun nan suna da uba.”

Nicodemus ya raka ni mota, ya gaya mini abin da Malam Hamissou bai taɓa faɗa wa kowa ba. A ƙasan rahoton Malam Hamissou ya ƙara shafi guda da ba a tambaye shi ba, ya rubuta cewa injiniyan ya nuna masa saƙo uku da ya aika yana neman kayan gyara, da ranakunsu. Maigidansu ya ce ya cire, kada a ɓata da masu kawo aiki. Shi kuma ya ce in an cire shafin a cire sunansa. Nicodemus ya ce a ganinsa shafin nan ne ya sa abin ya tsaya a kora, Adamou bai rasa takardar aikinsa ba. Na ce, “Me ya sa bai faɗa ba?” Ya ce, “Wa ya tambaye shi a cikinku?”

Na ji wannan, na koma gida, na kama bakina shekara biyu da rabi, don ina da motocin sayarwa kuma masu sayen su ne masu gaba da shi. Wannan laifina ne, na rubuta shi da hannuna.

Malam Hamissou, kai ne mutumin da aka miƙa wa ƙarya wankakkiya, wadda babu alƙalin da zai kama, ka ce ba ka so. Kai ne ka tsare ruwan mutanen da ba su san sunanka ba, ba za su taɓa sani ba. Ɗan basarke, mai ido a kan ɗigo. Mu muna kiran abin da muka nema rufin asiri. Rufin asiri shi ne ka suturta ɗan'uwanka in ya faɗi, ba ka taya shi zuba cuta a tukunyar wasu ba. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ƙara wa idanun nan lafiya.

Ku kuma matasanmu da ke aiki a asibiti, a ma'aikata, a garejin duba motoci, a duk inda sa hannunku yake da nauyi: ranar tana zuwa da wani dattijo mai daɗin baki irina zai kira ku ya ce ba ƙarya za ku yi ba, ɗan jinkiri ne kawai. Ku gaishe shi da ladabi, ku ci gaba da tuƙi.

Lahadin da ta wuce na je McLeansville. Na same shi a bayan gida yana ɗaure tumatir. Na cire hula na ce, “Malam, na zo neman gafara.”

Ya ce, “Alhaji, mayar da hularka, rana. Ni tun a hanya na yafe maka.”

Na fara hamdala, ya ɗaga hannu.

“Amma ba ni kaɗai ba ne. Bikin 'yarmu Dalila bara, matata Fourera ta yi kwana biyu tana girkin mutum ɗari biyu. Talatin da ɗaya suka zo, rabi abokan aikina ne. Ni da ita muka kwashe tukwanen muka kai gidan marasa galihu a tsakiyar gari, tana sanye da kayan uwar amarya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Tana ciki. Ita za ka gaya wa.”

Na shiga, na durƙusa a bakin kicin, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurare ni har ƙarshe tana goge hannu da tawul. Sannan ta ce, “Na ji naka, Alhaji. Saura mutum ɗari da sittin da takwas.”

Kun san kanku. Gidan bai tashi daga inda yake ba.