Gonar da Kotu ta Riƙe

Gonar da mahaifinmu ya bari ba mu raba ta ba. Ni da ƙanwata ne kawai magada, ita tana gidan miji, ni nake nomawa, da kaka in aika mata da nata.

Wata shekara na karɓi gyaɗa bashi a hannun wani ɗan kasuwar Ɗanbatta, na kasa biya, na riƙa ɓuya masa. Ya kai ni kotu. Alƙali ya yanke hukunci, ya ce kotu ta riƙe rabona na gonar: zan iya nomawa, amma ba sayarwa, ba jingina, sai na biya. Tunda ba a raba gado ba, babu wanda ya san inda nawa ya tsaya, sai riƙon ya hau gonar gaba ɗaya. Aka sanar da dagaci. Ƙanwata kuwa ban gaya mata ba.

Daga baya na haɗa kuɗin. Na biya shi a zauren liman, gaban liman da ladan, yadda muke yi. Muka yi musabaha, ya ce ya yafe mini wahalar da na ba shi, aka shafa fatiha. Liman ya ce mu koma kotu tare, mai bashi ya faɗa da bakinsa cewa an biya shi, don wanda ya ɗaure shi ke kwancewa. Na ce to. Ban je ba. Kunyar sake zama a bencin nan nake ji, mutane suna leƙe ta taga. A ganina fatiha ta rufe magana.

Bayan wani lokaci ɗan kasuwar ya rasu. Na je gaisuwa, na dawo, ban tuna da kotu ba.

Sai mijin ƙanwata shi ma ya rasu. Danginsa suka ce za su sayar da gidan da take ciki, amma idan tana da kuɗi ita ce a gaba. Ta ce a raba gona a sayar da nata. Aka samu mai saye, wani maƙwabcinmu a gona. Sharaɗinsa ɗaya: a gama kafin ruwan shuka, don ya samu ya kai taki.

A ƙofar gidan dagaci ta ji labarin. Ya ce ba zai sa hannu ba, a wurinsa gonar tana hannun kotu har yau. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Yaya, wace kotu?"

Na gaya mata a tsaye. Ba ta yi kuka ba, ta gyara mayafinta kawai.

Na nemo babban ɗan marigayi ɗan kasuwar a Rijiyar Zaki. Ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce babansu bai taɓa gaya musu an biya ba, kuma yana da ƙanne marayu, ba zai yafe abin da ba nasa kaɗai ba. Ban ga laifinsa ba. Alƙali ya ce a kawo shaidu biyu. Ladan ya zo. Liman yana kwance da ciwon ƙafa, aka ɗage zama. Ranar da muka ɗauko shi a a-daidaita-sahu, an riga an yi ruwa, duk hanya mutane suna shuka. Ya ba da shaida, ɗan marigayin ya amince, alƙali ya cire riƙon, aka rubuta wa dagaci. Abin bai ɗauki lokacin cin tuwo ba.

Maƙwabcin ya riga ya sayi wata gonar. Gidan ma an sayar wa wani.

Yanzu ƙanwata da 'ya'yanta suna ɗakin da innarmu ta zauna. Tana gaishe ni da safe, ina amsawa. Na ce mata yanzu ana iya raba gonar, babu abin da ya hana. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Bar ta, Yaya. Me zan saya?"