Ƙaryar da Na Yi wa Malam Istifanus

Wata safiyar Laraba ce a watan Oktoba na shekarar 1999, wata huɗu da ɗoriya bayan sojoji sun miƙa mulki. Ina aji shida a wata firamaren gwamnati da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Mun gama sharar fili, mun yayyafa wa aji ruwa, muna zaune huɗu-huɗu a benci, sai ga malamin ajinmu, Malam Istifanus, ya shigo da jarida a naɗe ƙarƙashin hammata. Mutumin Kafanchan ne, dogo siriri, kullum da riga mai gajeren hannu da biro biyu a aljihu. Ya ce mu ajiye littattafai. Ya gaya mana cewa an sanar da wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Masar ya ci lambar yabo mafi girma a duniya, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a kimiyya da magani da rubutu da zaman lafiya. Daga nan ya raba allo gida-gida, ya rubuta sunayen ƙasashe a sama, ya ce kowane layi ɗaya da zai ja, mutum ɗaya ne da ya taɓa cin lambar.

Ya fara da Amurka. Ya yi ta ja, muna ƙirgawa da ƙarfi, har muka gaji muka bar shi, har alli ya karye, ya ce ko rabi bai kai ba. Ya cika gidan Ingila, ya cika na Jamus. Da ya zo Masar ya ja uku. Da ya zo Najeriya ya ja ɗaya, ya kakkaɓe hannunsa. Kafin ya sake magana aka buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin darbejiya, lokacin tara, wato hutun cin abinci, ya yi. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Rabin magana kuka ji. Gobe za mu ƙarasa." Sannan ya raba mana littattafanmu na gwajin lissafin da muka yi ranar Litinin. Na buɗe nawa na ga jan biro ya yi masa kaca-kaca.

A wajen masu sayar da awara da rogo, wani ɗan ajinmu mai suna Sagir, wanda bakinsa ba ya shiru, ya yanke mana hukunci. Ya ce ai magana ta ƙare, Allah ya ba Turawa ƙwaƙwalwa, mu baƙar fata ya ba mu ƙarfi, duk wanda yake wahalar da kansa da lissafi ɓata lokaci yake. Wasu suka yi dariya, wasu suka zage shi. Ni kuwa maganar ta yi mini daɗi, domin ta zo daidai da abin da ke cikin jakata.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna shida da rijiya a tsakiya, kowace ƙofa da murhunta. Ni ce babba a ɗakinmu, saboda haka in na dawo makaranta sai na ja ruwa na cika randa, na wanke kwanukan rana, na kai niƙa injin bakin layi, sannan in wuce Islamiyya. In an tashi da sauran rana, mu yi 'yar carafke a zaure ko mu yi gaɗa a ƙofar gida har a kira magariba. Babanmu kafinta ne, rumfarsa tana bakin titi, kullum jikinsa da ƙamshin katako. Bai yi boko ba, amma ba ya wasa da namu. Kowace yamma sai ya zauna a kan tabarma da rediyonsa, ya ce a kawo jakunkuna. Ba ya iya karanta Turanci, amma ya san bambancin alamar daidai da ta kuskure, kuma jan biro ba ya ɓoye masa.

Ranar ya buɗe littafina, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni abin da ya faru. Tsoro ya kama ni. Ban san lokacin da bakina ya ce ai Malam Istifanus ma ya gaya mana mu baƙar fata ba mu da ƙwaƙwalwa, har ya zana mana a allo, ya ce ƙasarmu mutum ɗaya gare ta. Na ɗauki maganar Sagir na sa a bakin Malam. Baba ya rufe littafin a hankali. Bai yi mini faɗa ba, kuma na kwanta ina jin na tsira.

Shekarar nan mutane sun sami baki. Bayan shekaru ana magana ƙasa-ƙasa, kowa ya zama mai sharhi, a teburin mai shayi da ƙofar masallaci da cikin bas. Baba kansa yakan ce, "Yanzu ba zamanin soja ba ne, talaka ma yana da ta cewa." To bayan sallar magariba ya faɗa wa abokan zamansa abin da ya ji, su ma suka faɗa wa nasu. Kafin gari ya waye maganar ta yi ƙiba. Da ta kai Ƙauyen Alu, cewa ake wani malami ya kira 'ya'yan Hausawa jakuna. Kasancewarsa ba Musulmi ba, kuma ba ɗan gari ba, sai ya ƙara wa abin nauyi. Ranar Alhamis da safe Baba da wasu dattawa biyu suka je wurin hedimasta. Hedimasta ya tsorata da yadda ake taruwa a bakin ƙofa, ya ce Malam ya dakata da shiga aji har a yi taron iyaye ranar Asabar. An fara raɗe-raɗin za a rubuta takarda a ɗauke shi, wasu ma suna cewa a kore shi. An tambayi wasu 'yan ajinmu, kowa ya faɗi nasa daban, domin layukan da aka ja kowa ya gani, sauran kuwa ya dagule.

Kwana biyu Malam Istifanus yana zaune a kan benci a barandar ofis, yana duba littattafan da ba zai raba ba. Ranar Juma'a aka aike ni karɓo alli, dole na bi ta gabansa. Ya ɗago kai ya ce, "Rakiya, yaya lissafi?" da murmushin da ya saba. Ban sani ba ko ya san daga bakin wa abin ya fito. Na amsa da kyar na wuce.

Da yammar ranar muna tsakar gida ni da Umma muna ɓarar gyaɗar da aka kawo daga 'yar gonar Baba ta bayan Darmanawa. Matan gidan suna ta maganar malamin, wata tana cewa 'ya'yansa huɗu, matarsa ɗinki take yi a Tarauni, ko ina za su nufa. Na ji gyaɗar ta gagare ni fasawa. Da suka watse na gaya wa Umma komai, ina kuka. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Ta ce ba ita za ta faɗa wa Baba ba, bakin da ya ƙulla shi zai kwance. Na same shi a rumfa yana haɗa kayan aiki zai rufe. Na faɗa masa. Ya tsaya da zarto a hannu. Na yi zaton duka, amma abin da ya ce kawai shi ne in wanke kayan makarantata, gobe tare za mu tafi.

A ajinmu aka yi taron. Iyaye sun matsu a kan bencinanmu, gwiwoyinsu sun tokare, wasu suna leƙe ta taga. Hedimasta bai gama buɗe taro ba Baba ya miƙe. Mutum ne da ba ya son magana a cikin jama'a. Ya ce shi ya kunna wutar nan, shi zai kashe ta. Ya ce 'yarsa ta yi ƙarya don ta tsere wa faɗa, shi kuma ya yi abin da ya fi nata muni, ya ɗauki maganar yarinya ya kai kasuwa bai bincika ba. Ya juya ya ce, "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini." Sannan ya tura ni gaba, na faɗi yadda aka yi, muryata ba ta fita sosai, har wani ya ce in ɗaga.

Malam Istifanus bai yi dogon jawabi a kan abin da aka yi masa ba. Ya ce ya yafe, kuma shi ma ya koyi darasi, ba zai ƙara barin rabin magana ta kwana a kan yara ba. Ya roƙi a bar shi ya ƙarasa darasinsa tunda ga iyaye. Ya ce mutumin Masar ɗin nan a ƙasarsa ya yi firamare, a ƙasarsa ya yi jami'a, amma aikin da ya ci lambar da shi a Amurka ya yi shi, domin can ne ya sami kayan aiki da wuta da masu jiransa shekara da shekaru ba su gaji ba. Ya ce wannan ƙidayar ba ta auna kan mutane, tana auna tanadin da ƙasa ta yi wa kan mutanenta. Maganarsa da na fi riƙewa ita ce, "Basira kamar ruwan sama take, ko'ina tana sauka. Wasu sun gina mata dam, wasu sun bar ta ta bi kwata." Daga nan ya ɗauko littafin kimiyya na aji, bangonsa ya cire, ya nuna musu, ya ce benci guda ke raba irinsa ɗaya. Ya ce tunda yanzu an ce mulki na jama'a ne, to ga inda ya kamata jama'a su fara ɗaga murya.

Waɗanda suka zo da fushi sai suka rasa inda za su sa shi. Wani Alhaji mai shago a Hotoro, wanda da farko shi ya fi kowa zafi, ya ce zai kawo littattafai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce akwai na 'ya'yanta da suka gama da su. Baba ya ce shi ba shi da littafi, amma zai yi wa littattafan kabad, su sami wurin zama. Sati biyu yana aikin kabad ɗin bayan ya tashi daga na mutane, ni nake riƙe masa ƙusoshi. Ranar da aka kawo shi a kan kura, duk makarantar ta fito kallo.

Ni kuwa na sha kunya. 'Yan aji sun daɗe suna kirana gidan rediyo. Malam ya dawo da ni bencin gaba, kuma har ƙarshen zangon, duk lokacin tara sai ya tsayar da ni na yi lissafi biyar kafin in fita. A lokacin na ɗauka horo ne. Sai daga baya na gane shi ma tasa tarar yake bari saboda ni, da ƙullin dafaffiyar gyaɗa a kan tebur yana tura mini rabi. Bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. A hannunsa na gane raba lamba, na ci jarrabawar shiga sakandare, na bi ɓangaren kimiyya. Yau aikina gwajin jini da fitsari a wani asibiti. Ban ci lambar kowa ba, amma da aikin nan na riƙe Baba har ya bar duniya.

Abota ta ƙullu tsakaninsa da Baba. Yakan tsaya a rumfa su yi musun siyasa, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana shinkafa da cincin, da babbar salla ni nake kai musu nama. Da ya yi ritaya ya koma gida, muka rasa labarinsa. Shekaru bayan haka wata mata ta zo gwaji wurin aikina, na ga sunan mahaifinta a takarda, na tambaye ta. Ashe autarsa ce. Ta ce ya rasu. Na zaunar da ita na ba ta wannan labari tun daga farko. Ta ce ta san Baba kafinta sarai, amma ita da 'yan'uwanta ba su taɓa jin an dakatar da mahaifinsu ba. Kwana biyun nan kullum yana fita da safe kamar yadda ya saba, kuma har ya mutu bai ambaci sunana da sharri a gidansa ba.

Yanzu 'ya'yana suna ganin irin wannan jeri na ƙasashe a waya cikin ƙiftawar ido, su yi tsaki su wuce, ba wanda zai tsaya ya ƙarasa musu sauran rabin. Ƙarya kuma ba ta jiran Asabar, kafin a yi la'asar ta gama gari. Nakan tuna unguwar da ta iya jira kwana uku, da mutumin da ya iya miƙewa a gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, da wanda ya iya rufe bakinsa har kabari. Na taso a hannun mutanen kirki, kuma sai da na girma na sani.