Motar da Inna Hansai Ta Zaɓa

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara garejin da ke bakin hanyar Kibiya, a cikin garin Rano, ya san Inna Hansai. Sunanta na yanka Hansatu, 'yar Durba ce, aure ya kawo ta Rano. Mijinta Sharu facin taya yake yi a garejin, har Allah Ya yi masa rasuwa ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu. Da ta fita takaba ba ta koma ƙauye ba. Ta kafa murhu a gindin darbejiyar da marigayin yake zama, ta ɗora shinkafa da wake, makanikai suka fara saye don tausayi, daga baya suka ci gaba da saye don daɗin yajinta. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wurin, kuma da wannan tukunyar ta aurar da 'ya'yan nan duka.

Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ba ta taɓa kwance ko noti ɗaya ba. Amma wanda ya yi shekara ashirin da huɗu yana jin kukan injin daga safe zuwa la'asar, kunnensa ba zai zauna haka nan ba. Ga kuma Lado, babban bakaniken wurin, Bafulatanin Rurum Sabon Gari da ya bar sanda ya kama sifana tun yana saurayi. Lado ba ya iya cin abinci bakinsa a rufe. Yana kai loma yana faɗa mata abin da ke damun kowace mota da ke ajiye, da kuma halin mai ita. Tun tana cewa “to” don ya yi shiru, har ta kai idan mota ta shigo, kafin a buɗe bonet sai ta ce, ba tare da ta ɗago daga kwano ba, “Lado, wannan fulogi ne,” ko “Wannan ta sha zafi a hanya, kar ku buɗe lagireton yanzu.” Sau da yawa haka ɗin ne. Idan ta kuskure su yi mata dariya, ita ma ta taya su.

Yayanta Malam Maharazu yana Durba da makarantarsa, shekarunsa sun haura saba'in. Suna da ƙanwa ɗaya, Huseina, wadda aure ya kai ta Shaki, can ƙasar Yarabawa, rabonta da gida shekara goma sha tara. A bara, ƙarshen damina, aka bugo wa Malam waya cewa Huseina ta sha jinya, ta tashi, amma kullum zancenta 'yan'uwanta. Malam ya ce zai je. Sai dai gwiwoyinsa ba za su ɗauki matsin motar haya ba, kuma shi mutum ne da ba ya yarda a wuce da shi lokacin salla. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, tun da an gama aiki da su, ya ce wa babban ɗansa Saminu ya nemo tsohuwar mota mai araha, wadda za ta kai su ta dawo da su. Saminu magidanci ne, ya yi shekara shida yana tuƙa motar wani ɗan kasuwa a Kano kafin ya dawo noma, don haka tuƙi ba matsala ba ne.

Ranar wata Lahadi suka iso gindin darbejiya, uba da ɗa, ta shimfiɗa musu tabarma.

“Sannu da zuwa, Yaya Malam. Yau kai ne a gareji?”

“Ni ne, Hansatu. Saminu ya samo mana mota, muka ce bari mu biyo mu gaishe ki kafin mu je a kammala.”

Saminu ya miƙo mata waya. “Gwaggo, duba ki gani. Kamar sabuwa. Har da na'urar sanyi.”

Baƙar mota ce mai sheƙi, an ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe. Inna Hansai ta kalla, ta mayar masa da wayarsa, ta kira maƙwabciyarta mai kunu ta ce ta kula mata da tukunya. Ta yafa mayafi.

“Mu je in gan ta.”

Malam ya ɗan yi gyaran murya. “Hansatu, wurin cinikin maza ne.”

“Yaya, duk mazan da ke wurin ni nake ciyar da su. Mu je.”

Motar tana bayan tasha, wurin wani dillali baƙo da bai daɗe da zuwa garin ba. Ya tarbe su da fara'a, ya buɗe ƙofofi, ya murɗa mukulli, mota ta tashi nan take. Saminu ya kalli gwaggonsa yana murmushi. Ita kuwa tun kafin a tayar ta riga ta ɗora tafin hannunta a kan bonet, ta ji shi da ɗumi, alhali motar a inuwa take.

Ta dubi dillalin. “Yau ka fita da ita ne?”

“A'a Hajiya, tun jiya tana nan.”

“To kashe ta. Gobe da sassafe ma dawo, kafin kowa ya taɓa ta.”

Dillalin ya ce akwai wani mai so daga Bunkure, ba lallai ta kai gobe ba. Ta ce Allah Ya sa alheri, in rabonsa ce ya ɗauka. Saminu ya cika ya yi fam. A gidanta suka kwana.

Washegari bayan an idar da sallar asuba suka koma, ta taho da Lado. Motar tana nan, mutumin Bunkure bai zo ba. Dillalin ya murɗa mukulli sau uku kafin ta kama, da ta kama kuwa sai farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Lado ya buɗe murfin lagireto, ruwan yana ta ɓulɓulo da kumfa. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai ya nuna wa Malam: ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono.

“Ruwa yana haɗuwa da mai, Malam,” in ji Lado. “Wannan in ta kai ku Zariya ku gode wa Allah.”

Saminu ya sunkuyar da kai. Inna Hansai ba ta ƙara masa da komai ba, sai cewa ta yi, “Ba laifinka ba ne, ɗana. Da ɗumi aka nuna maka ita. Ku zo, akwai wadda nake so ku gani a garin Fammar.”

Motar da take nufi ta wani malamin gona ce da ya yi ritaya, ya rasu watanni bakwai da suka wuce. Tsohuwar Fijo ce mai dogon baya, fara a da, yanzu ta koma kalar tsamiya. Suka same ta a zauren gida an lulluɓe ta da tsofaffin buhuna, kaji sun yi kashi a kan rufinta. Gilashin baya na hagu ba ya sauka, kujerar direba an yi mata ɗinki da zaren buhu. Saminu ya zagaya ta sau ɗaya ya dawo.

“Gwaggo, wannan ai ta girme ni. Da wannan za mu shiga Shaki? Me mutane za su ce?”

“Za su ce sannu da zuwa,” in ji ta. Sannan ta juya ga yayanta. “Yaya, shekara goma sha biyar mai motar nan yana kawo ta garejinmu. Duk wata uku sai ya sake mata baƙin mai, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba, ya zauna a bencina ya ci wake har a gama. Bai taɓa ba wani aronta ba, bai taɓa ɗora mata buhun taki ba. Ban taɓa ganin an jawo ta da igiya ba. Kuma duk ƙauyen da ta tsaya muku tsakanin nan da ƙasar Yarabawa, akwai wanda ya san cikinta, akwai kayan gyaranta a kasuwa. Waccan baƙar, ko lafiyarta ƙalau, in ta ƙi tashi a daji sai an nemo mai kwamfuta.”

Lado ya sa mata batir ɗin da ya taho da shi, ya ɗan tsiyaya fetur a kafireto. Bugu na biyu ta tashi. Inna Hansai ta ce kowa ya yi shiru. Ta tsaya a gaba ta saurara, ta koma baya ta sa hannu kusa da salansa, ta shinshina tafinta.

“Lafiyarta ƙalau. Tayoyin gaba ne suka bushe, kuma fanbel ɗin da ke juya fankar injin yana ɗan kuka. A sake tayoyin, a sayi fanbel a ajiye a but.”

Lado ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan. Malam ya dubi ƙanwarsa ya daɗe, kamar yau ya fara ganinta, sannan ya ce a kira iyalan marigayin. Ciniki bai yi tsawo ba, don uwargidan ta ce ta fi son motar ta je hannun malami. Abin da ya saura a kuɗin shanu ya isa tayoyi da mai har da tsaraba.

Kwana uku Lado ya yi yana duba birki da kuloci. Ran da za a karɓi motar Inna Hansai ta ce wa yayanta, “Ka ce wa Saminu ya bar mini wuri a baya.”

“Za ki ne? To sana'ar fa?”

“Makanikai ba za su mutu don sun yi sati biyu suna cin na wata ba. Ni ma ƙanwata ce. Kuma ni ban taɓa wuce Zariya ba.”

Suka tashi ranar Alhamis da hantsi bayan Malam ya yi addu'a. Ta cika but da garin ɗanwake, da kuka, da daddawar Durba, da kwalla guda ta yajinta. Saminu da farko yana tuƙi yana tsuke fuska, amma da suka hau babban titi ya ji yadda motar ta kwanta a hanya, sai ya fara taka ta.

“Sassauta, ɗana,” ta ce daga baya. “Tsohuwa ce. Ka bi ta a hankali ta kai ka.”

A Kaduna suka kwana wurin wani tsohon ɗalibin Malam, kwana na biyu a Bida. Duk inda lokacin salla ya yi sai su tsaya, Malam ya miƙe ƙafafunsa, ita kuma ta sa Saminu ya duba ruwa da mai bayan injin ya huce. Tsakanin Bida da Mokwa suka faɗa cunkoson tireloli, rana tsaka, aka yi awa uku ba motsi. Motoci masu tsada suka bar injin a kunne don sanyi, wasu suka fara tururi, masu su suna yawon neman ruwa da jarka. Ita tun minti goma na farko ta ce a kashe, a buɗe ƙofofi. Ta fito ta shimfiɗa wa Malam darduma a inuwar wata tirela, ta dama fura suka sha, har da direban tirelar.

Sun kusa Jebba ta ce, “Saminu, ka ji?”

“Ban ji komai ba, Gwaggo.”

“Kukan ya canza. Tsaya a garin nan na gaba.”

Da aka buɗe, fanbel ɗin ya zare saura ƙiris ya tsinke. Wani bakanike Bayarabe a bakin titi ya sa musu sabon da ke but cikin ɗan lokaci, yana ta shafa motar yana cewa da guntuwar Hausarsa ubansa ma irinta ya tuƙa. Daga nan Saminu bai ƙara tambayar me mutane za su ce ba. In ya ji wani ƙara sai ya rage gudu ya ce, “Gwaggo, wannan fa?” ta ce, “Dutse ne, wuce.” A kan gadar Jebba kuwa ta leƙa ta taga tana kallon ruwan kogin Kwara har suka haye, sannan ta ce ba ta san Allah Ya yi ruwa mai yawa haka a wuri ɗaya ba.

Suka sake kwana a hanya, ranar Lahadi da la'asar suka shiga Shaki, suka yi tambaya har unguwar Hausawa. Huseina tana zaune a ƙofar ɗaki a kan kujera 'yar tsuguno, ta rame, kanta duk furfura. Ta ga tsoho ya fito daga mota yana dogara sanda, ta ga wata mata ta biyo shi, ta miƙe tana dafa bango.

“Yaya Malam? Yaya Hansai? Har da ke?”

“Har da ni. Zauna kar ki faɗi.”

Ba ta zauna ba. Ta riƙe su duka biyun tana kuka, Malam yana cewa ya isa, ya isa.

Kwana tara suka yi. Inna Hansai ta karɓe murhun gidan, ta yi wa ƙanwarta ɗanwake da miyar kuka, Huseina ta ci har 'ya'yanta suna mamaki. Ana gobe za su tafi, Huseina ta ce wa mijinta tana so ta bi su ta ga gida. Mijin ya fito ya dubi motar, ya dubi matarsa, ya ce yana tsoron hanya da jikinta. Inna Hansai ta ce masa, “Alhaji, ta kawo mu, za ta mayar da mu. Mu ba ma gudu, kuma duk inda ta gaji za mu tsaya.” Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, bayan sallar idi zai zo ya ɗauke ta.

Kwana huɗu suka yi a komawa. Da suka wuce Kibiya suka kama hanyar Durba, Huseina ta ce a tsaya. Gonar mahaifinsu ce a hannun dama, an yanke dawa an jingine ta tana bushewa. Saminu ya buɗe mata ƙofa, ta fito ta taka a hankali har cikin kunya, ta tsinko zangarniya ɗaya ta murtsuke a tafinta.

“Wa yake noma ta yanzu?”

“Ni ne, Gwaggo,” in ji Saminu.

“Ta yi kyau,” ta ce. “To mu ƙarasa, ina so in ga wa da wa suka rage.”