Likitan da Ya Durƙusa wa Saniya

Shekara da shekaru, kullum da hantsi, in ka bi ta asibitin Gumel, za ka tarar da Likita Mika'ilu Sabo a gindin darbejiya, gwiwar wani a kan cinyarsa, yana latsawa yana tambaya. Ciwon gaɓɓai ya karanta, shi kuma ya sa a gaba. Ran Alhamis kuwa sai ya hau babur ya nufi kasuwar shanu ta Maigatari.

A can na fara ganinsa, bayan farin saba'in da uku, kuma har yau abin bai sake ni ba. Likita guda, da farar rigarsa, durƙushe cikin kashin shanu yana shafa gwiwar saniya! Dillalai suka yi ta sheƙa dariya, wani ya ce boko ya taɓa shi.

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ya lura makiyayan da ke zuwa masa da kumburin gwiwa da zazzaɓi, shanunsu ma gwiwarsu na kumbura, suna ta ɓari. Sai ya jawo malamin dabbobi na Gagarawa, ya ƙulla da wani likita a Damagaram suna kwatanta abin da suka gani. Sannan ya je har zauren Barau, wanzamin Ɗanzomo, ya tuɓe takalmi ya roƙi abu ɗaya: kafin a huda kumburarriyar gwiwa da jan ƙarfe, wato sakiya, a bari ya gani.

Ana nan aka kawo wa Barau Asama'u, 'yar Bappa Cindo, mai tallar nono. Gwiwarta ta yi suntum, ta daina taka ƙasa. Mai tallar nono kuwa ƙafarta ce jarinta. Har an sa ƙarfe a wuta, Barau ya janye hannu.

"Bappa, ka yi mini aikin gafara. Na yi wa Likita alkawari."

"Yau wanzami ke tsoron gwiwa?"

"Ba tsoro ba ne. Waɗanda na huda bara, wa ya miƙe?"

Likita ya zo ya ɗora ta a kan allura da ƙwayoyi, ya ce daga yau a riƙa tafasa madara kafin a sha. Bappa ya yi tsalle ya dire. "Nonon saniyata ne cuta? Da shi aka raine ni!" Likita bai yi musu ba. Ya bi shi har garke, ya kama hannunsa ya ɗora a gwiwar saniyar da ta yi ɓari, suka dawo ya ɗora a ta 'yarsa. Tun daga ranar tsohon nan ya sa aka riƙa tafasa madarar. Kafin kaka Asama'u ta koma talla da ƙafarta.

Yau ɗalibai na karanta bincikensa a Zariya da Ibadan, sunan Barau na nan jere da na likitoci, don Likita ne ya ce sai an sa.

Makon jiya aka yi masa walimar ajiye aiki. Na miƙa masa hannu, sai ya ba ni tsintsiyar hannu. Na duba hannun. Yatsun sun karkace kamar citta. Wani amosanin gaɓɓai, wanda ba ruwansa da shanu, ya daɗe yana cinsa, shi kuwa yana latsa gwiwoyin mutane da gindin tafi. Mu da ke gaishe shi kullum, ba wanda ya lura. Wallahi na kaɗu.

Sai ga Asama'u da ƙwarya a ka, a ƙafa tun daga Ɗanzomo. Ta dama masa fura, ya kai hannu ga ludayi, ya kasa riƙewa. Ta durƙusa, ta ɗiba, ta kai masa baki.

Ya dube ta. "An tafasa?"

"An tafasa, Likita."

Kai ne ka miƙar da ƙafafun mutane alhali hannunka na lanƙwashewa, ba ka taɓa cewa wayyo ba. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya. Ku kuma samarin likitoci, in an turo ku ƙasar nan, kada ku ji ƙyamar kashin shanu. A nan ya samo wa Asama'u ƙafarta.