Baba Rimot da Ƙofar da Tsawa Ta Kulle

Kowace safiya, kafin masu motoci su gama karin kumallo, Baba Rimot ya riga ya ɗaure tsaninsa a bayan babur ya shiga layukan unguwa. Sana'arsa gyaran ƙofofin gareji masu buɗewa da inji. Yana tafe yana kasa kunne. Ƙofar da ya ji ta fara kuka wajen hawa, sai ya tsaya ya ɗiga mata mai, ko ba a kira shi ba. Haka ya yi ta fama har gemunsa ya yi fari. A watan jiya ya ajiye aiki, don kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa. Ko taron sallama ba a yi masa ba, alhali unguwar nan ta san abin da ya ci kafaɗar.

Daminar bara ce. Da la'asar aka kwaɗa wata tsawa da ta girgiza tagogi, wuta ta ɗauke. Dawowarta ke da wuya wayarsa ta yi ƙara. Maman 'Yan Biyu ce, wadda mijinta ke zuwa wankin ƙoda.

"Baba, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Na danna rimot har yatsana ya gaji. Numfashin maigidan ya fara yin sama-sama, ga mota a ciki, kuma ba ɗan tasin da zai shigo cikin ruwan nan."

"Bar dannawa haka, 'yata. Sa masa riga mai kauri, ga ni nan."

Turo babur ɗin ya yi, ruwa har ƙwauri. Ya bi ta kicin ya shiga garejin. Ya zura testa a soket, wuta na nan. Ya hau tsani ya buɗe murfin injin da ke maƙale a silin, ƙaurin ƙuna ya bugi hancinsa. Tsawar ta biyo waya ta toye cikinsa ƙurmus. Wannan ba gyaran yau ba ne. Ya miƙa hannu neman jar igiyar da ake ja a raba ƙofa da inji, sai ya tarar da guntu.

"Ina igiyar nan?"

"Ƙanen maigidan ne ya yanke ta, wai yara na lilo da ita."

Da filaya ya laluba ya saki ƙugiyar da ke haɗa ƙofar da injin. Amma sifirin da ke rage wa ƙofar nauyi ya riga ya saki, ƙarfen duka ya dawo kan mai ɗagawa. Shi da matar suka kama maigidan suka sa a mota, Baba ya tsuguna ya cusa kafaɗa ƙarƙashin ƙofar ya miƙe da ita. Ya ji wani abu ya tsinke a cikin naman kafaɗarsa, idonsa ya yi duhu.

"Fita da motar, kar ki kalle ni."

Bai saki ƙofar ba sai da motar ta fice. Maigidan ya isa asibiti da ransa, yana nan har yau.

To, me aka saka masa da shi? Ƙanen nan, wanda ko ɗigon ruwan ranar bai taɓa shi ba, ya rubuta a dandalin wayar 'yan unguwa wai jabun inji Baba ya sa wa yayansa, ya kusa kashe shi. Mutane suka yi ta turawa ba tambaya. Maman 'Yan Biyu ta rubuta gaskiyar abin da ta gani da idonta, wannan kam ba wanda ya tura. Gidajen da ya sha ɗiga wa mai suka ce wa masu gadinsu kar a ƙara buɗe masa.

Kar a ce abin bai dame shi ba. Ya dame shi. Matarsa ta sha ganin ya ture kwanon abinci. Ta ce, "Malam, ka fito ka yi magana mana." Ya ce, "In ce musu me? Su da suka san ni tun motocinsu na farko?" Duk da haka ya koma gidan, ya ɗaura sabuwar igiya da hannun hagu, ya nuna wa matar gidan yadda za ta ja ta ranar da ba ya kusa.

Baba, kai ne ka shiga ruwa lokacin da kowa ya ja labulensa. Kai ne ka ba da kafaɗa aka biya ka da ƙazafi. Mun gode, kuma kunya ta hana mu haɗa ido da kai. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alherin da muka kasa.

Masu tasowa a sana'a, ku koyi amsa kira irin nasa. Ku kuma da kuka tura saƙon nan, ba nisa ne da gidansa ba. Yana zaune a ƙofar gida kullum da yamma, hannunsa a kan cinya. Ku je da ƙafarku ku ba shi haƙuri tun yana iya amsawa.