Langar da Inna Ta Riƙe

Shekarar da na koma gidanmu na Fagge wankan jego, Inna tana da wata ƙawa a Sabon Gari, 'yar ƙabilar Ibo, matar wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Atamfa take sayarwa. Hausarta a karye take, Inna kuwa har ta bar duniya Barbarci bai saki harshenta ba, amma in suka zauna hira sai ka rantse ciki ɗaya suka fito.

Da ƙawar ta ji na haihu, da ƙafarta ta tako ta kawo mini farfesun busasshen kifi a langa mai murfi. Yaji har hawaye, amma na shanye tas.

A wurinmu ba a mayar da kwano wayam. Inna kuma, Allah ya jiƙanta, akwai son a san ita ce. Na ce ta zuba dubulan a mayar, ta harare ni.

"Dubulan? Ina Babarbariya? Turaren wuta zan haɗa mata, wanda za ta shekara tana jin ƙamshinsa."

Turaren Inna ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa itacen, an rufe, an bar shi ya tsumu. Yana cikin tsumuwa rikici ya ɓarke tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari, mazan gida suka hana fita. Bayan ƙura ta lafa ma Inna ta ce da sauransa, ita ba za ta je wa ƙawarta da ɗanyen turare ba.

Ranar da ta gamsu na raka ta. Muka tarar da ɗakin a kulle. Maƙwabciyarta, wata Bayarabiya, ta fito.

"Mama, ai sun bi jirgi, sun koma ƙasarsu."

"Ba ta bar mini sallahu ba?" in ji Inna.

"Kullum tana zaune a bakin ƙofa. Tana cewa kowa zai iya guje mata ban da ke, ko don ki ga tana raye za ki zo. Daga baya ta daina faɗa."

Muka juyo gida, Inna riƙe da langar da turaren a ciki.

Abin yana ci mini rai har yau. Ko sunan garinsu ba mu taɓa tambaya ba, balle mu aika. Baiwar Allah nan ta tafi tana ganin Inna ma ta juya mata baya.